Uwar Garambata

Ni Delou ban yi makarantar lakwal ba, ban yi boko ba, a allo ma ƙananan surori na tsaya. Bilƙisu maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, kuma na gaya mata in ta gyara mini magana ko ɗaya, ba ni ba ita. An zage ni a garin Riyad, zagin da ba a taɓa yi wa mace a danginmu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na dafa shinkafar bikin zagin.

Daga Maraɗi muka zo da maigidana, Allah Ya jiƙansa, tun unguwar Shifa tana fili. A Ulaisha muka zauna. A nan na haifi ɗana, a nan aka yanka masa rago, a nan ubansa ya rasu. Ɗan fari ne, kuma shi kaɗai Allah Ya bar mini. Kun san mu ba ma kiran sunan ɗan fari. Tun yana goye har ya yi gemu ban taɓa buɗe baki na faɗi sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko "wannan", in ya ɓata mini rai in ce "mai kunnen ƙashi". Ko yanzu, duk inda sunan ya zo a labarin nan, shiru nake yi in nuna wa Bilƙisu da haɓa, ita ta cike.

Yaron direba ne. Yana tuƙa wani tsohon Bature injiniya mai jan wuya, ana ce masa Mushe Arno. Mu a Nijar kowane Bature namiji mushe ne. Ba wai ya mutu ba a yanka ba, su ne suka ce a kira su haka, mu kuma ba mu hana su ba.

Wata Juma'a Mushe ya ce a kai shi bayan gari ya ga raƙuma. Yana sauka daga mota ya tafi kai tsaye wurin wani amale, yana shafa masa leɓe kamar ɗan kyanwa. Amale ya cafke shi a kafaɗa ya ɗaga shi sama yana kaɗawa kamar tsumma. Ɗana ya fito da fulas ɗin shayi ya maka wa raƙumin a hanci. Raƙumi ya saki Bature ya bi ɗana. Takalminsa ɗaya har yau yana can.

Da Mushe ya warke, sai ga yaro ya dawo gida sanye da wata 'yar shara shuɗiya mai sulɓi a kan jallabiyarsa. A ƙirjinta an ɗinka hoton garkuwa, a ciki ga zaki tsaye da ƙafa biyu kamar mai roƙo, ga furanni, ga kuma wani jan ƙyalle da ya ratsa su a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Inna, mudir ya ba ni sarauta," ya ce. Mushe yake nufi da mudir, wato maigida. Shi a nan ya tashi, Hausarsa rabinta Larabci ne. "Wallah ya ɗora mini takobi a kafaɗa, har ya yi kuka. Ya ce kakansa na can baya ya ceci sarkinsu a wurin yaƙi, ni ma na cece shi, don haka ya ba ni sarautar kakan."

"Wace sarauta?"

"Garambata."

Ku faɗa da bakinku ku ji. Galadima. Garkuwa. Garambata. Wa zai ji wannan ya yi zaton mugun abu? Har nauyi gare ta a baki kamar tuwon gero.

Kuma ku duba halin da nake ciki. Yaro ya girma har ya kai aure ba ni da abin da zan kira shi. Ga shi yau an ba ni, a kyauta, ba kunya a ciki, don sarauta ba suna ba ce. Na kama ta hannu biyu. Da safe, "Garambata, tashi ka yi salla." Da rana in leƙa ta taga daga hawa na uku in ɗaga murya yadda duk layinmu zai ji, "Garambata! Ka biya baƙala ka sayo burodi!" Mai baƙalar, wato kantin layinmu, ɗan Yaman, shi ma ya koya. Yaran unguwa suka koya.

To akwai Alhaji Maiwada, Bakatsine mai shagon turare a Batha. Ɗana ya daɗe yana neman 'yarsa Muhibba, yarinya mai hankali, tana son yaron yana sonta, amma Alhaji yana ta jan ƙafa. Yau ya ce sai bayan Hajji, gobe ya ce sai kwantenarsa ta iso. Gaskiyar magana ba ya son ya ce surukinsa direba ne. Mutum ne mai ciwon sarauta. Shi ya naɗa kansa Sarkin Turaren Batha, babu wanda ya naɗa shi, babu wanda ya tuɓe shi. Yana jin labarin Garambata ya aiko aka sa rana.

Na ce ai wannan abu sai an yi walima. Muka kama istiraha a Shifa, irin gidan nan da ake haya don taro. Na dafa shinkafar kabsa, na yi dambu da zogale yadda ake yi a gida. Mata a ciki, maza a tsakar gida. Wani maroƙin da ya koma aikin gini ya tuna sana'arsa ta da, ya miƙe yana kirari: "Garambata ɗan Garambata! Garambata jikan Garambata! Ba a yau kuka fara ba!" Ni kuwa na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Mata suna ce mini Uwar Garambata, ina amsawa, "Na'am, Allah Ya ba ku naku."

Allah Ya ba ku naku. Haka na yi ta ce wa matan mutane.

Cikin baƙin akwai wani Saidou, mutumin Damagaram, sabon zuwa, mai aikin shimfiɗa tayil. Ya yi lakwal har ya ji Faransanci. Ɗana ya juya zai gaida wani, sai Saidou ya ga rubutun da aka ɗinka a bayan rigar. Shinkafa ta sarƙe shi. Aka bubbuga masa baya, aka ba shi ruwa, yana dawowa hayyacinsa sai dariya. Ina tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, komai a kunnena.

"Malam, lafiya?" in ji Alhaji Maiwada.

"Alhaji, wa ya ce muku Garambata ne? Kalma biyu ce. Garan, batar."

"To me suke nufi?"

"Garan, babba ke nan."

"Madalla. Ai da ma mun san babba ne. Batar fa?"

Saidou ya dubi ƙasa, ya dubi sama. "Shege."



"Babban Shege," ya ƙara, kamar wani ya ce bai gane ba.

Ni na san batar. 'Yan kamisho na zagin juna da ita a tashar Maraɗi. Amma wa zai gane ɓarawo in ya shigo da rawani?

Alhaji Maiwada ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, don bai bar naman ba sai da ya gama, sannan ya miƙe ya dube ni.

"Hajiya, Bature ba ya rubuta abu sai ya bincika. Kuma ke ma da bakinki kike kiransa da shi ta taga, kowa shaida ne. Maganar Muhibba a dakata tukuna."

Na kwana uku ban leƙa tagar ba. Yaro ya daina cin abinci, Muhibba tana can tana kuka, matan da na yi wa addu'a sun daina amsa sallamata. Ni da na yi zaman aure da mutum ɗaya har na rufe masa ido, yau a ce ɗana ba shi da uba, kuma wai har da takardar shaida a bayan riga.

Rana ta huɗu na zura abaya, na ɗauki muciya, na shige bayan motar da yaro ke tuƙawa, na ce a kai ni gidan Mushe.

"Inna, haram, kampawun ɗin Turawa ne, ba a shiga haka."

"Kai, tuƙa."

Mushe na zaune a gaban gidansa yana shan gahawa da gajeren wando. Yana ganina ya taso da fara'a yana buɗe hannuwa, "Mama Garan Batar!" Na ɗaga muciya. Mutumin da raƙumi ya taɓa ɗagawa ba ya bukatar dogon bayani, ya koma bayan kujera. Da Larabcina na kasuwa da nasa na wurin aiki muka fahimci juna. Na ce gobe bayan la'asar zai zo Ulaisha, gidan Alhaji Maiwada, ya kwashe abin da ya zubar. Kuma ya sa dogon wando.

Ya zo. Har da wani hoto a cikin firam ya rungumo, na wani mutum mai dogon hanci da hula kamar tukunyar da aka kife. Majalisar Alhaji ta cika da dattawan unguwa. Aka zaunar da Saidou a tsakiya ya yi tafinta, tunda shi ya tono. Aka ce in zauna bayan labule. Na ce zagin ba a bayan labule aka yi mini shi ba. Na zauna a bakin ƙofa, rigar tana kan cinyata.

Mushe ya jingina hoton da bango ya fara zuba.

"Ya ce shekara ɗari biyar da wani abu da suka wuce," in ji Saidou, "a ƙasarsu akwai wani mai mulki da ake ce wa Duk."

"Duk me?" in ji Alhaji.

"Duk kawai."

"Duk ɗin wa?"

"Alhaji, sunan sarautar ke nan. Yana ƙasa da sarki kaɗan, amma wani lokaci ya fi sarkin dukiya."

"To. Ci gaba."

"Ya ce Duk ɗin nan matarsa ta aure ɗaya ce. Amma yana da 'ya'ya a waje sun fi ashirin."

Majalisa ta ɗauki salati. Wani dattijo ya ce, "Da ya yi huɗu ai da ya huta."

"Ya ce bai ɓoye su ba. Ya kwaso su ya kawo fada, ya ba su dawaki da garuruwa. Wani ya zama shugaban yaƙi, wasu aka aurar da su ga manya, wani ya zama babban limamin coci."

"Limami?"

"Haka ya ce. Babbansu kuma shi ne wannan na hoton. Shi ake kira Babban Shege. In ya shigo fada sai an miƙe tsaye. In zai sa hannu a takarda haka yake rubutawa: ni, Shege. Wanda duk ya kira shi bai haɗa da shegen ba, ya raina shi."

Mushe ya ga ana kallon hoton, sai ya bugi ƙirji ya ce da Larabcinsa, "Ana walad walad walad batar!" Wai shi jikan jikan shege ne. Fuskarsa har sheƙi take don alfahari.

Tausayi ya kama mutane. Dattijon nan ya tura masa farantin dabino. "Ci, bawan Allah. Ba laifinka ba ne." Wani ya dafa masa gwiwa ya ce kada ya riƙa faɗa a cikin mutane, Allah Mai rufin asiri ne. Mushe ya ɗauka taya shi murna ake yi, yana ta "shukran, shukran".

Alhaji Maiwada ya ce, "To mun ji nasa. Amma ya aka yi ya zaɓi Ousmane cikin duk direbobin Riyad? Ruwa ba ya tsami banza."

Saidou ya tambaya. Mushe ya dafe kafaɗar da raƙumi ya ciza, idonsa ya kawo ruwa.

"Ya ce ba shi da abin da ya fi wannan suna daraja a duniya. Ba shi da ɗa. Da yana da abin da ya fi shi, da shi zai ba Ousmane."

A nan na ga abin zai lalace, don har an fara gyaɗa kai ana cewa Bature mutumin kirki ne. Ni ban zo neman mutumin kirki ba.

"Saidou," na ce, "tambaye shi sunan uwar."

"Wace uwa, Hajiya?"

"Uwar mai hular tukunya. Ko Duk ɗin ne ya yi naƙudarsa?"

Aka tambaya. Mushe ya sosa wuya.

"Ya ce wata mace ce. Wasu sun ce 'yar wani attajiri, wasu sun ce mai wanki ce a fada. Ba a tabbatar ba."

"Ya san sunan dokin kakan nasa?"

Ya sani. Har launinsa ya faɗa.

"To kun ji," na ce. "An zana zaki, an zana fure, an riƙe sunan doki, wadda ta ɗauki ciki wata tara ba a san ta ba. Uba ya sami yabo don bai gudu ba, ɗa ya sami gari, ita kuma ta sami 'wata mace'. Ni ba wata mace ba ce. Ni Delou ce, uwata sunanta Turai. An ɗaura mini aure a ƙofar gidanmu da rana tsaka, an raba goro, saniya ce sadakina, kuma akwai masu rai a Maraɗi da suka sha nononta."

Na miƙe tsaye. Abin da ban taɓa yi ba shi na yi, kuma Allah Ya isa tsakanina da duk wanda ya sa ni. Na nuna yaron da muciya.

"Wannan Ousmane ne. Ousmane ɗan Bachir ɗan Alheri."

Sunan ɗan fari da sunan miji, a numfashi ɗaya, a gaban maza. Yaron ya waiga hagu ya waiga dama yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da muryata ba. Da ya gane, sai ya ja ƙyallen kansa ya rufe fuska.

Ban bari abin ya huce ba. Na ɗaga rigar. "Tambaye shi, a jikin rigar nan ina shegantakar take? Zakin ne?"

Mushe ya matso ya sa yatsa a kan jan ƙyallen da ya ratsa garkuwar.

"Ya ce wannan ne. Garkuwar ta gidan Duk ce. Jan layin shi ke nuna ɗan waje ne, jinin gidan ne amma ba ya gado."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na buɗe jakata na ciro reza. Ɗinkin ma ba na kirki ba ne, na tela mai sauri ne. Na fara farkewa daga sama. Mushe ya yi wata ƙara irin wadda yaro ya ce ya yi a bakin raƙumi. Ya durƙusa yana yarfa hannu yana zuba Faransanci, Saidou na binsa da ƙyar.

"Ya ce ki tsaya! Ya ce ba a yin haka! Ya ce ba kowa ke cire wannan ba, a da sai sarki ya sa hannu!"

"Ce masa yau Delou ta sa."

Na fizge sauran. Na juya rigar, rubutun baya ma na bi shi harafi harafi na tsince, ko da ban san ko ɗaya ba. Na miƙa wa yaron. "Kai, sa."

Ya sa. Zaki ya fito fes ba abin da ya tare shi. Mushe ya dube shi, ya dubi hoton kakansa. Sai ya miƙe tsaye ya sunkuyar da kai.

"Me kuma ya faru?" in ji Alhaji.

Saidou ya saurara. "Ya ce in babu jan layin, wannan tambarin Duk ne da kansa. Ɗan halak, magajin gida. Ya ce a danginsu kaf babu wanda ya taɓa isa ya sa shi. Shi ma bai isa ba."

Alhaji Maiwada ya gyara zama. "Tsaya, Malam Saidou. Wato yanzu Ousmane ya wuce Garambata?"

"Ya wuce."

"Ya wuce mai hoton?"

"Ya ce mai hoton in ya gan shi sai ya cire hula."

"Shi Mushen fa?"

"Ai ga shi kana gani a tsaye."

Alhaji ya tura hularsa gaba ya mayar baya. Ya yi gyaran murya. "Jama'a, ni da ma ban taɓa shakkar yaron nan ba. Tun yana ƙarami nake ganin alamar mulki a goshinsa. Ranar da aka sa tana nan."

"Ba ta nan," na ce. "Sai ka maimaita maganar taga."

"Haba Hajiya, ai ta wuce."

"A gaban mutane ka faɗa, a gabansu za ka lashe."

Ya dubi rigar, ya dubi muciya. Ya lashe. Na sa ya faɗi sunan mahaifin yaron da bakinsa, dattawa suka shaida, aka shafa fatiha.

Jan ƙyallen yana hannuna. Na ɗora wa Mushe a tafinsa. "Ungo gadonka. Mu ba ma cin kayan marayu." Ya karɓa ya sumbace shi ya sa a aljihun ƙirji. Na ce Saidou ya gaya masa kada ya sake tako ƙofata sai ya zo da sunan kakarsa. Har yau yana nema. Yaro ya ce yanzu in za su wurin aiki Mushe gaba yake zama, wai ba zai iya hakimcewa a baya Duk na tuƙa shi ba.

An ɗaura aure. Alhaji ya sa an rubuta Surukin Duk a gilashin shagonsa, a ƙarƙashin Sarkin Turare.

Amma ni ban huce ba, shi ya sa na sa a rubuta wannan. Har yanzu akwai 'yan banzan yara a layinmu da ke cewa Garambata in mota ta wuce, kuma na san iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Mai baƙala ma ya kiyaye ni. Matan da na ce wa Allah Ya ba ku naku, na janye, kowace ta riƙe abin da take da shi.

Sunan yaron kuwa na mayar da shi inda yake, sau ɗaya ya isa. Na koma kiransa da sabuwar sarautar, tunda wannan an bincika. Sai dai ita ma da nata. Ranar Juma'ar da ta wuce na gama tuwo, na hango shi a ƙasa yana wanke mota, mutane na dawowa daga masallaci. Na leƙa ta taga na ce, "Duk, a hau a ci abinci!"

Suka hau. Har da mai baƙala.